Kifayen Malama Almakashi

Motar shara ta riga ta kai ƙofar makaranta lokacin da Malama Almakashi ta sha gabanta, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. A bayan motar akwai buhu tara, aikinta na shekara talatin. Sabon hedimasta ne ya sa aka kwashe mata aji tana wurin taron malamai, wai baƙi na tafe, ba ya son tarkace.

Tarkace fa ya ce. Matar da kullum take riga maigadi isowa, ta zaro almakashi daga jaka, ta yanka kifayen kwali, kowanne da kalmar Turanci a cikinsa da ɗan ƙarfe a baki. Yaro ya ɗauki sanda mai maganaɗisu, ya kamo kifi daga roba, ya karanta. In ya kasa, kifi ya koma ruwa.

Mu ƙannenta da muke zaune a gidanta ma mun sha fama. Ba a ajiye kwalin sabulu a gidan nan, kalanda ba ta kai ƙarshen shekara. Mijinta ya yi mako yana neman safarsa, ashe safar tana aji, an ɗinka mata idanu tana gaisuwa da Turanci.

"Mama, ki matsa, mu ma aiki muke," in ji direban.

"Ka taka ni, sai ka wuce."

Ya sauko a fusace, ya finciko buhu ɗaya, buhun ya yage. Kifaye suka watse a ƙasa. Ya ɗauki guda, ya daɗe yana juya shi.

"Malama? Ni ne na layin baya, wanda ba ya magana."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Kai ne ka sace min kifi biyu."

"Uku ne, Malama. Da su 'yata take koyo yanzu."

Hedimasta ya dage ba za su koma aji ba, tunda dai saura mata sati biyu ta yi ritaya. Direba ya juya kan mota, ya sauke buhu tara a falonmu. Yanzu a tsaye muke karɓar baƙi.

Yaya, ke ce kika mai da shara makaranta. Ke ce ba ki taɓa cewa yaro daƙiƙi ba, sai dai ki ce ba a yanka masa kifin da ya dace ba. Mun gode, Allah Ya saka. Malamai masu jiran a turo kayan aiki, ku leƙa kwandon sharar gidajenku. Ku dai riƙa tambaya kafin ku ɗauka.

Mun ɗauka ritaya za ta kawo mana sauƙi. Jiya da hantsi aka yi sallama. Wata mata ce da ba mu taɓa gani ba, yara shida a bayanta, kowa riƙe da sandarsa.

"Nan ne gidan mai kifin? Sauran suna hanya."

Yaya ta kalli labulenmu sabo, ta zuge jakar almakashinta.