Wasiƙun Da Suka Dawo Shagon Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa danna kwamfuta da hannunsa ba har ya koma ga Allah, amma yana cikin mutanen farko da suka mallaki adireshin imel a layin masu sayar da kayan mota na Apo. Ni na buɗe masa. A shekarun nan ne da soja suka koma bariki, wayar hannu ta shigo, Abuja ta cika da sababbin gine-gine da tsofaffin motoci. Kawu yana sayo injuna na hannu daga Turai, kuma mutanen da yake ciniki da su can suka ce sun gaji da aiko takarda, sai dai imel.

Ni kuwa na gama difloma, na kashe takalma biyu wajen yawon neman aiki daga wannan ma'aikata zuwa waccan. Mahaifiyata ta yi masa magana, ya ce in zo. Ranar farko ya kama hannuna ya zaga da ni shagunan maƙwabta yana cewa, "Wannan ɗana ne, shi ne idona." Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, da mata da 'ya a Kuje, amma wallahi ranar har na isa gida bakina bai rufu ba.

Aikin ba wuya. Kullum da safe in sauka daga motar Kuje, in shiga wani shagon intanet da ke bakin titi, in sayi awa ɗaya, in buɗe, in buga duk abin da ya shigo a takarda. Doka ɗaya Kawu ya kafa mini: "Duk abin da ya faɗo akwatin nan ka kawo mini shi, ko tallar sabulu ce." Akwati yake kiran imel ɗin, kalmar sirrin kuma makulli. Na so in gaya masa makullin, ya toshe kunne ya ce in riƙe abina kada ya yi suɓutar baki. Bayan azahar sai ya zauna a kan wata kujerar mota da aka ciro aka jingina da bango, in tsaya in karanta, in juya masa da Hausa. Haka muka yi shekara biyu, ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninmu ba.

Wata Litinin na buɗe akwatin na tarar da saƙonni tara iri ɗaya. Ba mutum ne ya rubuto su ba, na'ura ce. Kowanne yana cewa wasiƙar da muka aika ba ta samu mai ita ba. Adiresoshin da aka lissafa ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Na gangara ƙasa, sai ga wasiƙar da aka ce tamu ce: wai matar wani babban mutum ce, mijinta ya mutu ya bar dukiya, tana neman mai tsoron Allah ya taimaka mata ta fitar da ita waje. A can sama, inda ake sa sunan mai aikowa, ga adireshin Kawu zaune daram. Na duba wajen da ake ajiye abin da muka aika. Ba wani sabon abu bayan wasiƙata ta ranar Alhamis a kan lagireto.

Hannuna yana kan abin gogewa. Da na danna, da shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani. Na tuna dokar Kawu, na janye hannun, na buga su duka tara. Na yi tunanin wannan minti ɗaya fiye da yadda na yi tunanin ranar aurena.

Bayan azahar na miƙa masa. Ya ce, "Waɗannan fa?"

Na ce, "Kawu, saƙonni ne da suka dawo."

Kalmar da ta kashe ni ke nan, kuma ni na zaɓe ta da bakina. Ina iya cewa na'ura ce ta ruɗe, ina iya cewa shirme ne. Amma ni ɗan difloma, mai alfahari da iya fassara, sai na ce sun dawo.

"Suka dawo? Wa muka aika wa?"

"Ba mu aika ba."

Ya cire tabarau ya kalle ni. "To abin da bai fita ba, ta ina ya dawo?"

Kawu ya san gidan waya tun yana saurayi a Katsina. Ya san wasiƙa takan je ta rasa mai ita, a buga mata hatimi a maido wa wanda ya aika. Bai taɓa jin an maido wa mutum wasiƙar da bai rubuta ba, ni ma kuma ban taɓa ji ba. Na yi tsuru-tsuru kamar an kama ni da hannu a tukunya.

Ya kira maƙwabcinmu mai sayar da fitilun mota, wani mutumin kudu da ya iya karatu, ya ce ya duba masa. Mutumin ya karanta, ya girgiza kai, ya ce da Hausarsa ta Abuja, "Alhaji, wannan takarda ba shi da kyau fa. Wannan aikin 'yan fo-wan-nayin ne, 'yan damfara. In hukuma ya gani, kai ne za su kama, sunanka ne a kai." Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiyar abin da ya gani ya faɗa. A lokacin kuwa ba hirar da ake yi a layin kamar ta samarin da ake kamawa a shagunan intanet.

Na koma wa mai shagon intanet ɗin da nake zuwa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta. Shi komai a wurinsa bairos ne, ko fanka ce ta tsaya. Ya ce in canza makulli. Na canza. Washegari wasu suka faɗo, jibi ma haka. Kuma don wauta ta gaskiya, kullum sai in buga in kai. Kawu ya ce, "Ka canza makulli, ba wanda ya san sabon sai kai, kuma suna ta dawowa." Ni da kaina na ji yadda maganar ta zauna.

Ranar Alhamis bayan la'asar, da mutane suka watse daga ƙaramin masallacin layin, Kawu ya ce in tsaya. Mu uku muka rage, ni da shi da liman. Na gode masa da wannan, bai tara mini jama'a ba. Liman ya tambaye ni ko ina da alwala, na ce ina da ita. Ya ɗauko Alƙur'ani ya ce in rantse ba ni na rubuta wasiƙun nan ba, ba ni na aika ba, ban kuma ba wani makulli ba. Na ɗora hannu na rantse. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Sai Kawu ya ce, "Saura ɗaya. Ka rantse ba daga akwatina suka fita ba."

Na tsaya. Ni ban san ta inda suka fita ba. Takardar ta ce daga akwatinsa, wajen ajiya ya ce ba haka ba, ni kuma ba na cikin na'ura. A gidanmu, gidan su Kawu ɗin nan, an yi mana tarbiyya a kan kada ka dafa Littafi a kan abin da idonka bai gani ba. Shi da kansa ya taɓa marina a kan na ce wallahi a wasan ƙwallo.

Na ce, "Kawu, wannan kam ban sani ba."

Liman ya sunkuyar da kai. Kawu ya miƙe ya sa takalmansa. Tsoron Allah ne ya hana ni, su kuma suka ɗauka tsoron Allah ne ya tona ni.

Bai kore ni da hayaniya ba. Ya ba ni takarda ya ce in rubuta makullin, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce in je in huta kwana biyu. Kwana biyun nan ba su ƙare ba har yau. Da mahaifiyata ta kira ni a waya, ba ta tambaye ni ko na yi ba. Cewa ta yi, "Me ka rasa a wurinsa?" Wannan ya fi mini zafi a kan rasa aikin. Ba wanda ya taɓa kirana ɗan damfara a gabana. Sai dai in na shiga taron suna ko ɗaurin aure, a ce, "Ga mutanen intanet," a yi 'yar dariya, ni ma in yi, don ba yadda zan yi.

Na yi shekara bakwai da wannan abu a wuya. Daga baya na samu aikin akawu a wata makaranta a Bwari, aka tura mu horo na kwana uku a kan kwamfuta. Wata malama ce take koyarwa. Wani ya yi mata tambaya a kan irin saƙonnin nan, ta ɗauko ambulan a kan tebur ta ce, "Kowa yana iya rubuta sunanka a bayan ambulan ya jefa. In ba a samu gidan ba, kai za a kawo wa. Ba a taɓa akwatinka ba, sunanka kawai aka ara. Ka goge, ka ci gaba da harkarka." Ko minti biyu ba ta yi ba ta wuce wani batu. Na fashe da dariya har mutane suka waiwayo. Ba dariyar daɗi ba ce.

Ranar Asabar na sayi ambulan na tafi Apo. Shagon ya zama uku a haɗe, Kawu ya yi furfura, babban ɗansa ne yake kula da saƙonni a wayarsa. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya aika a kawo mini lemo. Na rubuta sunansa a bayan ambulan, na rubuta adireshin ƙarya a gaba, na ce, "Kawu, in na jefa wannan a gidan waya, wa za a kawo wa?"

Ya juya ambulan ɗin sau biyu. Ya ce, "Ni."

"Kai ka aika?"

Ya ƙura wa ambulan ɗin ido. Ɗansa ya ɗago kai daga waya ya ce, "Ai Baba har yanzu suna zuwa, gogewa kawai nake yi."

Na ga ya gane. Na rantse ya gane, wannan kam idona ya gani. Na zauna ina jiran kalma ɗaya, ba ma sai ta ban haƙuri ba. So nake ya ce ashe, ko ya ce haka ne, ko ya kira mahaifiyata a gabana. Ya ajiye ambulan ɗin a kan gwiwarsa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba ɗana, har yanzu abin yana ranka? Ai ni na yafe maka tun tuni."

Na shanye lemon tas, na yi godiya, na fito.

Mahaifiyata ta rasu bayan wannan da shekara ɗaya. Na yi mata bayanin ambulan ita ma, ta ce Allah ya kyauta gaba, kawunka mutum ne mai yafiya. Shi ma ya bi ta ba da jimawa ba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Da liman ya ce a yafe wa mamaci, na ce na yafe tare da kowa, kuma ina roƙon Allah ya karɓi abin da baki ya faɗa, don zuciya ba ta gama zuwa ba.

Bayan addu'ar uku na koma ofis. Ina zaune gaban kwamfuta, sai yatsuna suka rubuta tsohon adireshin nan da na buɗe masa, ban manta ko harafi ɗaya ba. Ban san ɗansa ya daɗe da rufe shi ba. Layi ɗaya na rubuta: "Kawu, ba daga akwatinka suka fita ba, yanzu zan iya rantsewa." Na aika.

Ban kai ga janye hannuna ba sai ga shi ya dawo, ba a samu mai shi ba. Na buga shi a takarda, kamar yadda Kawu ya ce a riƙa yi. Wannan kam ni na aika.