Rakiyar Rabaran

A Wusasa aka haife ni, cikin Hausawa Kiristoci 'yan Angalika, kuma aikin tafinta ya zagaya da ni ƙasashe da dama kafin in zauna a Greensboro ta ƙasar Amirka. Na ga yadda mutane ke barin coci iri-iri. A Ingila mutum yakan daina zuwa ne kawai, ba mai tambayarsa dalili. A Rum na san waɗanda suka bar coci tun suna samari, amma ba su fasa kai jariransu baftisma ba. A Amirka kuwa lauya ake kira. Mu ma da muka rabu da babbar ikilisiyar da muke ciki, kan saɓanin koyarwa game da aure da wanda ya cancanci a naɗa limami, sai da aka je kotu, ginin ya zauna a hannun waɗanda muka bari. Muka koma yin sujada a wani tsohon kantin kujeru a East Greensboro, tsakanin mai aski da mai sayar da taya.

Limaminmu ƙanin matata ne, marigayiya. Kowa Rabaran yake ce masa, ni kuwa na san shi tun yana karɓar alawa a hannuna kafin ya kira mini yayarsa. Shi ya yi wa jikokina baftisma. Shi ne kuma ya je asibiti da Jibin Ubangiji lokacin da jikin matata ya yi tsanani, ya sa mata gurasar a baki, da yake ba ta iya ɗaga hannu.

Muna cikin wannan zaman kanti ne labari ya zo cewa Katolika sun buɗe ƙofa ga 'yan Angalika irinmu da suka ɓata da shugabanninsu. Sun ce mu shigo a ƙungiyance, mu riƙe addu'o'inmu da waƙoƙinmu, limami mai mata ma ya zo da matarsa. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya wa mutane a rai: duk limamin da ya shiga, sai bishop nasu ya ɗora masa hannu an naɗa shi sabo, domin ba su amince da naɗin da aka yi masa a wurinmu ba.

Ikilisiyarmu ta rabu a kan maganar. Wani Bature lauya ɗan ikilisiyarmu da ke unguwar Irving Park ya ce wannan ba karamci ba ne, an ga gidan maƙwabci ya tsage ne aka zo kwasar kaya. Wasu suka ce ai mun gaji da zaman haya, ga gida mai tushe ana kiranmu. Ni na zauna a Rum, na ci abinci da Fada-Fada masu kirki, ban ɗauki Katolika abokan gaba ba. Amma na ce inda aka yi wa kakana baftisma, nan zan mutu.

Wata Asabar da la'asar ina ba yakuwa ruwa a bayan gida, sai ga Rabaran. Ko zama bai yi ba.

"Yaya, na yanke shawara. Zan shiga, ni da iyalina da wasu gidaje."

"Sannu, ɗan makaranta. Ka sayi jaka da fensir? An ce sai ka koma aji kafin su naɗa ka."

"Furfurata ta fi taka kyau, ko a aji za a girmama ni."

Muka yi dariya, irin ta miji da ƙanin mata. Sai na ajiye tiyo na ce, "Idan naɗinka na farko ba naɗi ba ne, me ka sa wa yayarka a baki a asibiti? Burodi?"

Ruwan tiyon ya fara taruwa a ƙafarsa. Ya ce, "Na gaskata da abin da na ba ta, Yaya. Na kuma gaskata can ya kamata in je. Ban iya haɗa maka su biyun da baki ba."

"In ka iya, ka dawo."

Bai dawo ba, ni ma ban nemi shi ba. Ranar Lahadi nakan karɓi Jibi a hannunsa ba tare da na dube shi ba. Dattawa suka yanke cewa ranar da zai tafi, ya ajiye makulli a kan tebur ya tafi, ba walima, ba jawabi.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, shugabar matan zumunta, mutuniyar Kafanchan, wadda ɗanta likita ya kawo su ita da mijinta, marigayi, Summerfield nan kusa da mu renon jikoki. Kowa Mama yake ce mata. Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, kuma ba ta damu ba. Bayan sujada ta tare ni a wurin fakin.

"Baba, da gaske ne Rabaran zai fita ta bayan gida kamar wanda ya saci akuya?"

"Mama, shi ya zaɓa."

"Amarya ma ita ke zaɓa, amma ba a barinta ta tafi ita kaɗai. In ba a raka ta ba, gidan miji sai su ɗauka ba ta da kowa. Za mu kai shi, mu damƙa shi hannu da hannu. Kai ne bakina."

"Ki nemi wani. Jikokinki sun fi ni Turanci."

"Waɗannan da nake yi wa Hausa suna mayar mini da Turanci? Ina son wanda zai faɗi abin da na faɗa, ba wanda zai shafa masa mai ba. Ka yi wa ministoci tafinta, ni ce za ka ƙi?"

Dole na yarda.

Ranar da za a karɓe su, wani maƙwabcina Alhaji mutumin Maraɗi ya ba mu aron babbar motarsa. Da na gaya masa inda za mu, ya ce, "Ashe ku ma kuna da irin wannan rigima. To, Allah ya sa a rabu lafiya." Matan zumunta suka sha ankon zane da ɗankwali, suka ɗauko tulun kiɗa da kacau-kacau da kulolin shinkafa da masa. Har Baturen lauyan nan ya biyo mu a motarsa, yana cewa ya zo kallo ne kawai.

Ba mu shiga sujadarsu ba. Muka jira a zauren cin abinci na cocin, da aka fito matan suka ɗauki waƙa da Hausa. Fadan da ke kula da wurin dattijo ne, Bature dogo mai sanyin magana. Ya zo da murmushi, a zatonsa mu ma shigowa muka yi. Na bayyana masa cewa rakiya ce, yadda ake yi a ƙasarmu idan ɗa ko 'ya za ta koma wani gida.

Mama ta kama hannun Rabaran ta ja shi gaban Fada. Tana magana ina juyawa.

"Ka ce masa wannan ɗanmu ne, ba mu kore shi ba. Yana da taurin kai, kuma wa'azinsa yakan yi tsawo, a riƙa duba masa agogo."

Fada ya yi dariya, Rabaran ya sunkuyar da kai.

"Ka ce masa ba ɗan koyo muka kawo ba. Shi ya ɗaura auren 'ya'yanmu, shi ya binne mijina, shi ya ciyar da yayarsa a bakin mutuwa, ga mijinta nan tsaye yana maka tafinta. Limami muka kawo amana. Ya karɓa ko bai karɓa ba?"

Na yi shekaru ina sassauta maganar manya don kada taro ya watse. Wannan karon na faɗa yadda ta faɗa, har wurin da ya shafe ni.

Murmushin Fada ya ɗauke. Na ga mutum ne da ba ya son yin ƙarya don ya faranta wa baƙi, kuma na girmama shi a kan haka. Ya ce dokar naɗi ba tasa ba ce, ba zai iya ɗage ta ba, za a ɗora wa Rabaran hannu kamar yadda aka tsara. Sa'an nan ya dubi matan da kulolinsu ya ce shi dai bai taɓa ganin tumaki sun rako makiyayinsu har ƙofar wani garke ba, kuma ba zai taɓa cewa Allah bai yi aiki ta hannun mutumin nan ba.

Na juya wa Mama. Ta ce, "Wannan duk zance ne mai daɗi. I ko a'a?"

Na gaya masa. Ya tambaye ni yadda ake faɗa da Hausa, ya riƙe hannun Rabaran da hannu biyu, ya ce da harshensa na Bature, "Na kariba."

Matan suka rangaɗa guɗa har wata mai shara ta leƙo. Mama ba ta tsaya nan ba.

"To tunda ya karɓa, abinci na hucewa. Rabaran, sa mana albarka."

A cocin Fada muke, kuma a ƙa'idarsu Rabaran tun daga safiyar nan ɗan ikilisiya ne kawai, ko farar kwalar limanci babu a wuyansa. Ya dubi Fada. Fada ya haɗa hannuwa ya sunkuyar da kai, mutanensa suka bi shi. Rabaran ya ɗaga hannun dama a kanmu duka, ya yi addu'a da Hausa, irin wadda muka tashi da ita a Wusasa. Na ce amin da ƙarfi, ya ji ni.

Da aka fara rabon abinci ya zo ya zauna kusa da ni da farantinsa. Ya ce, "Yaya, har yanzu ban iya haɗa maka amsar nan ba."

Na ce, "Bar ta. Miƙo mini yaji."