Ɓarawon da Na Sa wa Albarka

Ina cikin takabar maigidana, Allah ya jiƙansa, wani ya kira ni a waya. Ya yi mini ta'aziyya har na yi kuka, sannan ya ce daga kamfanin kwamfuta yake. Wai kwamfutar marigayi ta lalace, hotunansa za su goge in ban danna abin da zai faɗa ba.

"Hajiya, danna harafin farko."

"Ɗan nan, wanne ne harafi?"

Yana ta fama, ina ta sa masa albarka, har ya yi tsaki ya kashe.

Da ɗiyata ta zo na ba ta labari, ta ce, "Inna, ɓarawo ne, kamfani ba ya kiran mutane." Ta buɗe mini hotunan. Ga marigayi a tashar Maraɗi yana dariya, kamar da ni yake.