Tashin Gudrun Daga Ƙasa

Yaushe rabonki da ki kwanta a daɓe ki tashi ba tare da kin kama kujera ba? Ni jiya na yi, cikin ƙirga shida. Gudrun Thorsager kuwa, gidanta ne ya rataya a kan wannan tashin.

Shekarunta saba'in da ɗaya. Talatin da huɗu daga ciki a tsaye ta yi su tana feɗe kifi a masana'antar bakin teku, kuma tun rasuwar mijinta ita kaɗai ce a gidanta mai matakala goma sha uku. A watan Nuwamba ta zame a kicin da hantsi. Ba ta karye ba, tashi ne ya gagare ta. Awa huɗu tana kwance kafin mai raba wasiƙu ya hango ta ta taga.

'Yarta Solvej ta taho daga birni da takardar neman ɗaki a gidan tsofaffi.

"Mama, sa hannu kawai."

"Ki bar ni zuwa wasan Maris. In na tashi a gaban jama'a ba wanda ya taɓa ni, ki mayar da takardarki jaka."

"In kin kasa fa?"

"Sai ki miƙo biro."

Ni, Birthe, ni ke jan ƙungiyar motsa jiki ta matan ƙauyenmu, mu goma sha tara har da Gudrun, duk Talata. A Maris kowace ƙungiya kan nuna wa gari abin da ta koya. A namu wasan akwai inda ake kwanciya rigingine a miƙe cikin ƙirga takwas.

Talata goma sha biyar muka samu. A ta farko mu biyu muka ɗaga ta. A ta biyar ta tashi da kujera, ƙirga arba'in. Na yi ta nanata mata: mirgina gefe, dafa ƙasa, durƙusa, ƙafa ɗaya gaba, tura. A ta ƙarshe ta yi goma sha shida, ba kujera. Na ce zan sa ta layin baya.

"Ɓoye ni za ki yi? Sa ni gaba, inda yarinyar nan za ta gan ni."

Ƙawarta Elna ta ce, "Ki rage kek, 'yar'uwa, sai ki tashi a kan goma."

"Ji mai magana! Ke da gwiwarki ke kuka kamar ƙofar rumbu?"

Ranar wasa na ƙirga mutum ɗari biyu da sittin a kan bencuna. Aka shigo da tuta, aka yi waƙa. Solvej na layi na biyu, jaka a cinya. Kafin mu fita na ce wa mata, "Duk wadda ta miƙa mata hannu, ita ta fitar da ita daga gidanta. Kun ji?"

Kiɗa ya tashi. Muka kwanta. A kan takwas mu goma sha takwas muka miƙe. Gudrun ta mirgina, ta durƙusa, ta kawo ƙafa gaba, ƙafar ta zame. Ta sake, ta sake zamewa. Na dubi ƙafarta. Sababbin fararen safa ne, ni na saya mana don ado, alhali duk Talatocin nan ba safa muka yi su.

Goma sha tara. Ashirin. Kiɗa ya wuce mu. Elna ta fara sunkuyawa.

"Elna, kada ki kuskura!"

Solvej ta miƙe tsaye, hannunta a baki. Gudrun ta zauna daɓas a gaban gari duka, ta tuɓe safa ɗaya, ta tuɓe ɗayar, ta yi jifa da su. Ta durƙusa, ta kafa ƙafa, ta tura. A kan talatin da ɗaya ta miƙe.

Wajen shan kofi Solvej ta zo idonta jawur.

"Mama, kin kusa kashe ni."

"Na tashi ko ban tashi ba?"

"Kin tashi. Zauna a gidanki abinki. Amma in na kira waya, ki ɗauka."

Har yau Gudrun na gidanta, yanzu a kan goma sha biyu take miƙewa. Ke ma don Allah ki gwada yau: ki kira wani ya tsaya kusa, ki kwanta a ƙasa, ki tashi, ki ƙirga.