Ɗauraya Bakwai

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta yi shekara ashirin da shida tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a. Ba mai kiran sunanta a wurin. Ɗauraya suke ce mata, don kowace kwalba sai ta ɗauraye ta sau bakwai bayan sabulu, huɗu da ruwan famfo, uku da tataccen ruwa. Wani tsohon ma'aikaci ne ya koya mata haka ranar da ta kama aiki, ita kuwa ta riƙe gam. Kusurwarta tana can ƙarshen ɗakin, tsakanin firji da wata tagar da ba ta buɗuwa, da burushi masu dogon wuya rataye a ƙusa. Hannayenta duk sun tsattsage saboda ruwa.

Burinta ɗaya ne tak, kuma kowa a gidanmu ya san shi. A ƙarshen kowace takardar bincike akwai 'yan layukan godiya. An gode wa direba, an gode wa kamfanin da ya kawo firji. Karatun Goggo bai yi nisa ba, amma tana gane sunanta in ta gani, kuma tana so ta gan shi a wurin nan ko sau ɗaya kafin ta ajiye aiki.

Shugaban ɗakin shi ne Farfesa. Mutum ne mai farar rigar aiki da ta sha guga, wadda ba ya sa ta sai ya ji an ce masu kyamara sun iso. Alƙalami uku a aljihu, ba wanda aka taɓa gani yana rubutu. Shekara shida yana neman maganin bairos, wato ƙwayar cuta, daga abin da suke kira feftayid. Goggo ce ta yi min bayaninsa, kuma wallahi ta fi Farfesa iyawa.

"Wasu 'yan guntayen furotin ne, ɗana, ana jera su kamar duwatsun wuya. In an dace, sai su manne wa bairos su hana shi shiga jiki, ko su fasa masa riga."

Farfesa dai bai dace ba. Feftayid lamba ɗaya har lamba tara, duk an zuba wa bairos, bairos ko gezau. Da abin ya ishe shi, sai ya shiga neman mai laifi, kuma irinsu ba sa nema a sama. Wata safiya ya tsaya a kan Goggo yana duba agogo.

"Ke Ɗauraya, ashe ke ce ke jawo mana jinkiri. Daga yau sau biyu za ki riƙa ɗaurayewa."

"Ranka ya daɗe, sabulun nan naci gare shi. Biyu ba za ta fitar da shi ba."

"To, sannu. Yau kuma ke za ki koya min kimiyya?"

Ta koma biyu.

Bayan mako uku sai ga abin mamaki. Lamba tara, wanda a da bai taɓuka komai ba, ya fara kashe bairos a kwanon gwaji. Nan da nan farar riga ta fito daga kabad. Farfesa ya gaya wa 'yan jarida cewa ya daɗe yana hango wannan rana, ya ambaci haƙuri da juriya, har ya share ido da hankici.

Goggo kuwa hankalinta bai kwanta ba. In ta zuba ruwa a kwalbar da ta wanke ta girgiza, sai ta ga siririn kumfa ya taru a wuya. Ta tuna lokacin annoba, da aka yi ta cewa a wanke hannu da sabulu don yana fasa rigar bairos. Shi kansa Farfesa ya faɗa a rediyo, da muryarsa ta manya. Sai ta raba kwalaben biyu ba wanda ya sani. Rabi ta ɗauraye sau bakwai ta ɗiga musu shuɗin fenti a gindi, rabi ta bar su a biyu. Sannan ta faɗa wa Dakta, mataimakin Farfesa, wanda shi ne ainihin mai yin gwajin.

Kwana huɗu sakamako ya fito. Duk inda aka yi amfani da kwalba mai ɗigo, bairos yana nan lafiya lau. Dakta ya duba, ya sake dubawa.

"Mama, don Allah ki yi kamar ba ki gani ba. Bana nake neman ƙarin girma."

Jarumi ke nan.

Ita kaɗai ta ƙwanƙwasa ofishin Farfesa, hannunta ko bushewa bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, maganin nan ina ganin sabulu ne."

Ya yi dariya har da buga tebur. Da ya ga ba ta motsa ba, sai ya sassauta murya, ya kira ta Mama, abin da bai taɓa yi ba.

"Mama, takarda ta kusa fita. Na ji an ce kina son ganin sunanki. Wannan karon zan sa shi, a layin farko na godiya ma."

Ta gaya min shekara ashirin da shida take jiran wannan magana. Ta ce masa, "Na gode, ranka ya daɗe. Amma ban da wannan takardar."

Takarda ta fita ba sunanta. Masu bincike a wata ƙasa suka haɗa lamba tara a kwalabensu masu tsabta, suka gwada, suka rubuto cewa ba su ga komai ba. Aka kafa kwamiti. Suka yi zama biyar, suka sha shayi a kofunan da Goggo ta wanke, ba wanda ya tuna ya kira ta. Dakta ya ce shi bai san da wani shuɗin fenti ba. Farfesa ya nuna baƙin cikinsa a kan yadda ƙananan ma'aikata ba sa mutunta kimiyya, kuma kafin shekara ta ƙare an ba shi kujerar kula da ingancin bincike.

Ran nan da la'asar Goggo ta zo gidana da rahoton kwamitin a leda, tare da takardar sallama. Ta ce in karanta mata. A shafi na huɗu an rubuta cewa kuskuren ya samo asali ne daga sakacin mai wanke kwalabe, wadda ta rage ɗauraya ba da izini ba. Ga sunanta nan da manyan baƙaƙe. Raina ya ɓaci, na ce gobe zan je in same su.

"Bar su," in ji ta. "Nuna min wurin."

Na nuna mata. Ta ɗora yatsanta mai tsaga a kan layin, tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ta kai ƙarshe, ta koma farko ta sake bi.

"Ɗana," ta ce, "sun bar harafi ɗaya."