Belin maƙwabcina mai fenti

Shekarar da aka sace mini mota a ƙofar masallacin Juma'a a Unguwar Kanawa, bakina ya fi ƙarfina. Satar mota ta yi yawa a lokacin, kuma abin da ke ƙona mana rai shi ne yau a kama ɓarawo, jibi ka gan shi yana shan shayi a bakin titi, wai an ba da belinsa. Da muka ji alƙalai sun tsaurara sharuɗɗa, sai babban ma'aikacin gwamnati mai takardar gida a cikin gari ne zai tsaya wa mutum, har tafi na yi. A majalisarmu ta bayan la'asar na ɗaga murya na ce wallahi tallahi, ko ɗan cikina aka kama da zancen mota ba zan tsaya masa ba. Aka ce, "Sai Alhaji!" Kaina kuwa ya kumbura.

Ba a yi wata biyu ba aka kama maƙwabcina na Abakpa. Kirista ne mutumin kudancin Kaduna, fentin mota yake yi, katangarmu ɗaya shekara da shekaru. Wani ya kawo masa mota ya canza mata launi, ashe ta sata ce. Wanda ya kawo motar ya ɓace, aka tafi da mai fenti.

Da safe matarsa ta shigo ta durƙusa a tsakar gidana. Ta ce, "Alhaji, lauya ya ce irinku ake nema. Kai ka san halin baban yaran nan."

Na san halinsa mana! Mutumin da ko ƙusa ya tsinta a motata sai ya miƙo mini. Ga matsayina a aikin gwamnati ya kai, ga takardar gida a cikin akwati. Amma sai na ce mata na riga na rantse, ta ba ni lokaci in yi shawara.

Na tambayi malamin da ke koya mana karatu a zaure. Ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai mai sauƙi ce. Ka karya rantsuwar, ka ciyar da miskinai goma, ka je ka fito da bawan Allah." Ka ga hanya ta buɗe ke nan. Abin da ya hana ni, kunyar 'yan majalisa ce kawai, kada a ce Alhaji ya yi amai ya lashe. Kullum matar ta leƙo sai in ce gobe, har ta daina leƙowa.

Wata bakwai ya yi a gidan yari kafin kotu ta wanke shi. Ya fito da tari, garejinsa ya watse, suka kwashe kayansu suka bar unguwar ina ofis.

Bara na gan shi a Rigachikun, yana fesa fenti a garejin wani. Shi ya fara gaishe ni, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa wata ƙujewa a ƙofar motata ya ce, "Alhaji, kar ka bari damina ta same ta, tsatsa za ta ci." Na buɗe baki in ce ya yafe mini, sai na ji kaina ina cewa Allah ya ba da sa'a.

Damina ta same ta, tsatsa ta ci. Har yau na kasa kai wa wani mai fentin.