Kwanon Naomi

Duk wanda ya zauna Dakko a shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori ya san Taibatu mai cuku, matar Hamidu. Bafulatana ce da aure ya zaunar da ita cikin manoma. Ba ta da tsawo, ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, gara ka je ka gwada ture kuka.

Cuku a gidansu ta iya: madara bisa wuta, ɗan ruwan tumfafiya, a tace, a matse. Naɗe shi cikin fulawa kuwa a Talata Mafara ta koya, wurin Naomi, wata Kirista da ke sayen nononta ranar kasuwa. Ita ta nuna mata yadda ake murza kwaɓin da kwalba, a zuba cuku da albasa da tarugu, a ninke, a danne bakin da cokali mai yatsu, a soya da man gyaɗa. Mutanen Dakko suka rasa sunan da za su ba abin, sai suka ce ƙunshin Taibatu. Ba ta taɓa sayar da ko guda ba. Na mai jego ne, da maras lafiya, da wanda ya dawo daga tafiya.

Kwano ɗaya ne ke yawo tsakaninta da Naomi, ja mai murfi, gindinsa duk ya goge. Ya zo da abinci, ya koma da ƙunshi. Shekara huɗu bai taɓa tafiya wofi ba.

Sai aikin dam ya iso gonakin mutane. Katafila ta bi ta kan gonar Hamidu, dawa na tsaye, ta mayar da ita fili. Mijin Naomi kuwa, Lazarus, direban katafila ne. Ko shi ne ya tuƙa ta ran nan, ko wani ne, ba wanda ya gani da kyau, amma sunansa kaɗai aka sani, don haka shi aka ɗora wa. Ana cikin wannan zafi Kirsimeti ya zo, kwano ya iso Dakko da shinkafa da kaza. Ba a jima ba manoma suka tare hanyar Mafara don su tsayar da aikin dam.

Kwanon nan ya hana Taibatu sakat. Riƙe shi yanke zumunci ne, mayar da shi wofi kuwa zagi ne. Rani ya yi, makiyaya ta bushe, saniyarta ɗaya ba ta ba da abin kirki. Kwana uku tana tara madara kafin ta samu cukun da zai cika shi.

Hamidu ya ji ƙamshin suya ya leƙo. Ya ce, "Wagga wahala don wa?"

Ta ce, "Don mai kwano, Malam."

"Matar wanda yab bar mu ba hatsi?"

"Gonar ga ni ma na yi kuka nata. Amma ban ga Naomi bisa katahila ba."

Ya ce gari zai zage ta. Ta ce gari ya daɗe bai yi ba. Ta ɗaure kwano da ƙyalle, ta aza a ka, ta kama hanya da ƙafa.

A inda aka gicciya itatuwa ta tarar da maza da sanduna, ƙaninta Barau na gaba. Shi ma ya daɗe da barin kiwo ya kama noma, gonarsa kuma ta tafi, idonsa jajur.

"Yaya, ina za ki?"

"Mafara za ni."

"Kwanon ga mun san shi. Aje shi nan, ki koma gida."

Taibatu ta sauke, ta buɗe murfi. Ƙamshi ya bugi mutanen da tun safe ba su sa komai a baki ba. Ta ce, "Ga shi. Wanda uwatai ta koya mai cin amanar kwano, shi sa hannu." Ba wanda ya motsa. Wani dattijo ya kau da kai, ya ja icce gefe. Barau ya juya mata baya, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta iske Naomi tana ɗaure kaya. Tsoro ya sa Lazarus ya ajiye aiki, gobe za su koma garinsu. Naomi ta ga kwano ta fashe da kuka. Ta ce, "Ƙawa, na ɗauka kin fasa shi."

"Kayanki na, riƙe abinki."

Naomi ta juye ƙunshin a tire, ta duba ɗakin da ba sauran komai, ta ɗebo gishirin da ya rage ta zuba a kwanon, ta miƙa mata. Ta ce, "Ba zan karɓa ba. Yanzu ke ce da kawowa."

Taibatu ta dawo ta gaban su Barau da kwano a ka, ba ta ko rufe shi da ƙyalle ba. Wata uku matan unguwa ba su aiko mata da komai ba, ita kuwa duk wadda ta haihu sai ta ga ƙunshi a ƙofarta.

Naomi ba ta sake dawowa ba. Kwanon yana nan bisa jeren Taibatu har ta tsufa, ba mai cin abinci a ciki. In aka ce ta ba da aro, sai ta ce, "A'a, na mutane na. Ban mai da ba tukuna."